Sherif Hodgson da baƙin da ya tsare a gidan yarin Bristol

Ranar 20 ga Mayun 2021 sakataren tsaron cikin gida na Amurka, Alejandro Mayorkas, ya umarci hukumar shige da fice ta ICE da ta daina kai mutane gidan yarin gundumar Bristol a jihar Massachusetts, ta kuma soke yarjejeniyoyin da ke tsakaninta da ofishin sherif na gundumar. A ranar, baƙi 7 kacal suka rage a tsare a wurin. Wata 14 kafin nan, su 148 ne. Wanda aka ƙwace wa wannan aiki shi ne Thomas Hodgson, mutumin da ya riƙe kujerar sherif tun 1997, wanda kuma duk faɗin jihar babu jami'in da ya kai shi ɗaga murya wajen goyon bayan a kama baƙin haure a kulle su. An yi shekara da shekaru ana sukarsa bai ko gezau ba, sai a cikin shekara biyu da rabi ya rasa kwantiragin, ya kuma rasa kujerar. Abin tambaya shi ne me ya sa sukar farko ba ta kama shi ba, ta baya ta kama.

Sai an fara fahimtar muƙamin. Sherif a Massachusetts ba shi da aikin sintiri a titi kamar 'yan sanda. Babban aikinsa riƙe gidan yarin gunduma, inda ake ajiye masu jiran shari'a da waɗanda ɗaurinsu bai wuce shekara biyu da rabi ba. Kuma zaɓensa ake yi, duk bayan shekara 6, a ƙarƙashin jam'iyya, da fastoci da yaƙin neman zaɓe. Wanda ya saba da tsarin Najeriya ko Nijar, inda shugaban gidan yari ma'aikacin gwamnati ne da ake turowa a kuma ɗauke shi, zai ga abin wani iri: shugaban gandurobobi ɗan siyasa ne, kuma yadda yake tafiyar da fursunoni shi ne hajar da yake tallatawa ga masu zaɓe.

Hodgson ya gane haka tun da wuri. Gwamna William Weld ne ya naɗa shi a 1997 don cike gurbi, daga baya ya ci zaɓe da kansa a jam'iyyar Republican, a yankin da ya fi karkata ga jam'iyyar Democrat. Saƙonsa guda ne, bai taɓa ɓoye shi ba: gidan yari ba wurin hutu ba ne, a sa ya yi ɗaci yadda wanda ya fita ba zai so komawa ba. Ya kwashe talabijin daga ɗakuna, ya cire kayan ɗaga ƙarfe. A 1999 ya dawo da tsarin ɗaure fursunoni da sarƙa a ƙafa, a jera su a fitar da su aiki a bainar jama'a, abin da ke tuna wa Amurkawa zamanin da aka yi wa baƙar fata haka a jihohin kudu. A 2002 ya ɗora wa kowane fursuna dala 5 a kullum a matsayin kuɗin zama, kotu ta hana, ya ɗaukaka ƙara, kotun ƙolin jihar ta tabbatar a 2010 cewa ba shi da hurumin karɓar wannan kuɗi. Duk wanda ya zage shi a jarida kan waɗannan abubuwa, tallata shi ya yi.

To, a hannun wannan mutumin gwamnatin tarayya ta damƙa baƙin da take tsare da su, tun daga shekarar 2000. A 2007 aka buɗe musu gini na musamman a harabar gidan yarin da ke Dartmouth, mai suna cibiyar C. Carlos Carreiro. A lokacin, ICE na biyan kusan dala 100 a kullum kan kowane mutum.

A nan matsalar take, kuma a nan masu suka na gaskiya suka fi tsayawa. A dokar Amurka, wanda ICE ta tsare ba hukunci yake yi ba. Zama a ƙasar bayan biza ta ƙare ba babban laifi ba ne da ake ɗaure mutum a kansa, saɓa ƙa'idar zama ce, kuma shari'arta a gaban alƙalin shige da fice ake yi, wanda ma'aikacin ma'aikatar shari'a ne. Tun 1896 kotun ƙolin Amurka ta ce gwamnati na iya riƙe baƙo kafin ta tasa ƙeyarsa, amma ba za ta ɗora masa hukuncin aiki mai tsanani ba sai da cikakkiyar shari'a. Manufar tsarewar a takarda ita ce kada mutum ya gudu kafin a gama da batunsa. Cikin waɗanda ake tsarewa akwai masu neman mafaka da suka miƙa kansu a kan iyaka, akwai waɗanda bizarsu ta ƙare, akwai masu katin zama na dindindin da wani tsohon laifi ya biyo su, akwai kuma waɗanda suka gama zaman kaso kan laifi na gaske suna jiran jirgi. Ba wanda aka yanke wa ranar fita. Kuma da yake ba shari'ar laifi ba ce, gwamnati ba ta ba su lauya kyauta. Ɓarawon da ke ginin da ke kusa da su yana da lauyan gwamnati, ya kuma san ranar da zai fita. Su ba su da ko ɗaya.

Ke nan an ɗauki mutanen da doka ta ce ba horo ake yi musu ba, an miƙa su ga wanda ya gina sunansa a kan cewa aikin gidan yari horo ne. An ba kura ajiyar nama. Tufafinsu na fursuna ne, ƙirgar safe da yamma iri ɗaya, ɗakin kaɗaici iri ɗaya, kuɗin waya mai tsada iri ɗaya, gandurobobin ma su ne dai. Ba Bristol kaɗai ke haka ba. Dokar shige da fice ta 1996 ta faɗaɗa jerin mutanen da dole a tsare, ta kuma ƙirƙiro sashe na 287(g) da ke ba jami'an jiha da na gunduma damar yin wani ɓangare na aikin shige da fice. Gwamnatin tarayya ba ta da isassun gadaje, sai ta shiga haya a gidajen yarin gundumomi da na kamfanoni masu zaman kansu. Akwai ma shekarun da majalisa ta rubuta a kasafin kuɗi cewa a tanadi gadaje 34,000. Bambancin Hodgson da sauran masu ba da haya shi ne yawancinsu sun ɗauki abin a matsayin hanyar shigowar kuɗi suna yi shiru, shi kuwa ya mayar da shi tuta.

Garin da abin ya faru

Gundumar Bristol gari ne na baƙi. New Bedford da Fall River cike suke da jikokin mutanen Fotugal da tsibiran Azores da Cape Verde, waɗanda suka zo aikin jiragen kamun kifi da masaƙu. New Bedford ta daɗe tana kan gaba a tashoshin kamun kifin Amurka wajen darajar abin da ake saukewa, kuma masu feɗe kifin da wanke shi a cikin sanyi da yawansu 'yan ƙabilar Maya ne daga Gwatamala, wasu ba su da takarda. A watan Maris na 2007 jami'an ICE suka yi wa masana'antar Michael Bianco dirar mikiya a New Bedford, inda ake ɗinka jakunkuna da kayan sojojin Amurka, suka kama ma'aikata 361, yawancinsu mata. Cikin kwanaki aka kwashe da dama zuwa Teksas, yara suka dawo daga makaranta ba su tarar da iyayensu ba. Coci-coci ne suka riƙe iyalan. Mutanen garin ba su manta ba, kuma duk lokacin da sherif ya tashi yana maganar baƙin haure, da wannan idon wasu ke kallonsa.

Sai dai kada a ɗauka cewa kowane ɗan baƙi abokin hamayyarsa ne. Da yawa daga tsofaffin iyalan Fotugal suna zaɓensa. Hujjarsu ita ce iyayenmu sun bi layi sun shigo da takarda, kowa ma ya bi. Hodgson na da amsarsa da ke shiga kunne: shi bai kama kowa a titi ba, doka ce ta tarayya, idan bai ajiye su ba wani zai ajiye su, gara a nan kusa da iyalansu da lauyoyinsu da a kai su Luwiziyana. Yana kuma yawan cewa masu duba gidajen yari suna ba shi maki mai kyau duk shekara. Maganar kusanci da iyali ba ƙarya ba ce, za mu dawo kanta.

Zuwan Donald Trump ya buɗe masa fage. A farkon Janairun 2017, wajen rantsar da shi bayan zaɓen da ba wanda ya tsaya takara da shi, ya yi tayin tura fursunonin Bristol su je su taya gina katangar kan iyakar Meziko. A watan nan ya sa hannu a yarjejeniyar 287(g), wadda ta ba wasu gandurobobinsa ikon bincikar matsayin duk wanda aka kawo gidan yarin su kuma buɗe masa fayil ɗin kora. A watan Maris ya tsaya gaban wani kwamitin majalisar wakilai a Washinton ya ce a fitar da sammacin kama shugabannin biranen da suka ƙi haɗa kai da ICE. Magajin garin Somerville na lokacin, Joseph Curtatone, ya mayar masa da martani cewa ya zo ya kama shi. A watan Yulin shekarar kotun ƙolin jihar, a shari'ar Lunn, ta yanke cewa jami'an Massachusetts ba su da ikon ci gaba da riƙe mutum don kawai ICE ta roƙa, Hodgson ya shiga sahun masu neman a yi dokar da za ta ba su ikon. Ya zauna a kwamitin ba da shawara na ƙungiyar FAIR mai fafutukar rage shigowar baƙi, ya riƙa shiga Fadar White House, daga baya aka ba shi shugabancin girmamawa na yaƙin neman zaɓen Trump na 2020 a jihar.

A ƙarshen 2019 ƙungiyar kare 'yanci ta ACLU ta samo saƙonninsa na imel ta hanyar dokar neman bayanan gwamnati. A ciki aka ga ya rubuta wa Stephen Miller, mai ba Trump shawara kan shige da fice, yana kai ƙarar cocin da shi kansa yake zuwa a Dartmouth, saboda ya ga an ajiye ƙananan katuna a bayan cocin masu bayyana wa baƙi haƙƙinsu idan jami'ai suka ƙwanƙwasa musu ƙofa. Wannan ya ɓata wa mutane rai fiye da maganar katanga, don katanga surutu ne, wannan kuwa tsegumi ne a kan maƙwabta.

Duk da haka, har zuwa wannan lokaci sukar ba ta rage shi da komai ba. Ƙungiyar Bristol County for Correctional Justice tana zanga-zanga a ƙofar gidan yarin, tana halartar tarukan da yarjejeniyar 287(g) ta tanada a yi da jama'a, ana musayar kalamai masu zafi. Jaridu suna rubutu. A 2018 baƙin da ke tsare sun yi yajin cin abinci kan ingancin abinci da magani da tsadar waya. 'Yan jarida masu bincike sun nuna cewa gidajen yarin Bristol, da ke riƙe da kusan kashi 13 cikin 100 na fursunonin gundumomin jihar, su ke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kashe kansu. A ganina abin da ya hana duk wannan tasiri a fili yake. Waɗanda abin ya shafa kai tsaye ba su da ƙuri'a, ba za su taɓa samunta a gundumar ba, da yawansu ma kafin a saurari kokensu an tasa ƙeyarsu. Gwamnan jiha ba zai iya korar sherif ba tunda zaɓaɓɓe ne. ICE, wadda ke da ikon duba wurin, ita ce mai haya, tana buƙatar gadajen. Sukar da ta tsaya a kan cewa mutumin nan ba shi da tausayi kuwa, ai abin da yake faɗa da bakinsa ke nan.

Daren 1 ga Mayu

Korona ce ta canja lissafin. Baƙin suna kwana ne a manyan ɗakuna masu gadaje hawa biyu a jere kusa da juna, suna cin abinci tare, suna layin banɗaki tare. A watan Maris na 2020 da dama daga cikinsu suka sa hannu a wasiƙar koke suka fitar da ita waje. Kafin ƙarshen watan ƙungiyar Lawyers for Civil Rights da ɗaliban lauya na jami'ar Yale suka shigar da ƙara a madadinsu gaba ɗaya a kotun tarayya da ke Boston, shari'ar da aka sani da Savino da Souza. Ta faɗa hannun Mai shari'a William Young, wanda Ronald Reagan ya naɗa, ba wanda zai ce ɗan adawar sherif ne. Young bai buɗe ƙofa gaba ɗaya ba. Ya riƙa ɗaukar fayil ɗaya bayan ɗaya, yana duba laifin da mutum ya taɓa yi, da lafiyarsa, da inda zai zauna, ya ba fiye da mutum 40 beli bisa sharaɗin zaman gida. Hodgson ya fito yana cewa alƙali na sako miyagu cikin jama'a, har ya riƙa wallafa jerin laifuffukan da ake zarginsu da su.

Cikin wannan zaman ɗar-ɗar aka shiga yammacin 1 ga Mayu. A sashe na B akwai mutum 25. Goma daga cikinsu sun shaida wa ma'aikatan lafiya cewa suna jin alamun cutar. Aka ce su tattara kayansu a kai su sashen lafiya na babban gidan yarin a gwada su a killace su. Suka ƙi. Tsoronsu shi ne can ake kai fursunoni daga kowane sashe, in ba su da cutar a can za su ɗauka, kuma killacewa a wurin nan ɗakin kaɗaici take nufi. Sun nemi a zo a gwada su a inda suke.

Sherif da kansa ya shiga sashen. Wannan kaɗai abin lura ne, don ba aikin shugaba ba ne ya shiga tsakiyar taƙaddama irin wannan, akwai jami'an da aka horar domin lallashi. Ɗaya daga cikin baƙin ya nufi wayar bango zai kira lauyansa, Hodgson ya bi shi, aka yi kokawa a kan wayar. Daga nan labari ya rabu biyu: sherif ya ce shi aka far wa har aka jefe shi da kujera, mutumin ya ce sherif ne ya fizge wayar ya ci zarafinsa. Abin da ba a musu a kai shi ne an fesa barkono, an yi jifa da kujeru, jami'ai suka janye suka kulle ƙofa. Wasu daga cikin baƙin suka tare ƙofofi da tebura da na'urori, suka farfasa kaya, suka lalata bango da banɗaki. Sannan ƙura ta lafa. Kusan sa'a guda sashen yana shiru, ana ganinsu ta kyamara, wasu a zaune wasu a kwance.

Bayan wannan sa'ar ne rundunar ko-ta-kwana ta ofishin sherif ta fasa ƙofa ta shiga da gurneti mai ƙara da walƙiya, da bindigogin harba ƙwallayen barkono, da feshin barkono, da garkuwoyi, da karnuka. Aka fitar da mutanen ɗaya bayan ɗaya, aka ɗaure hannayensu da ankwar roba. An kai uku asibiti. Wani kuma sai da aka danna masa ƙirji kafin ya farfaɗo, amma ba a kai shi asibiti ba, ɗakin kaɗaici aka kai shi. Ka tuna waɗannan mutane ne da goma cikinsu suka ce suna da alamun cutar numfashi, wasu kuma suna da asma.

Washegari Hodgson ya zagaya da 'yan jarida cikin sashen ya nuna musu ɓarnar, ya ce ta haura dala 25,000. Hotunan da suka fita ke nan, kuma da a shekarun baya ne da nan maganar ta ƙare: baƙin haure sun yi bore, sherif ya murƙushe.

Wannan karon akwai shari'a a buɗe, akwai lauyoyi masu sunan kowane mutum da ke sashen, akwai alƙalin da ke sa ido. Kwana shida bayan rikicin Young ya ba da umarnin a gwada duk waɗanda ke tsare da ma'aikatan da ke hulɗa da su, ya kuma hana a kawo sababbin mutane, yana mai cewa akwai alamar hukuma ta yi sakaci da gangan da lafiyarsu. Wannan umarni shi ya kashe kasuwar tun kafin Washinton ta yi magana, don ana fita ba a shigowa.

Ofishin babbar lauyar jihar, Maura Healey, wadda daga baya ta zama gwamna, ya buɗe bincike. Sun kalli bidiyon kyamarori, sun karanta rahotannin gandurobobin, sun yi hira da baƙin da ma'aikatan. Rahoton ya fito a tsakiyar Disamban 2020. Bai wanke baƙin ba, ya faɗa ƙarara cewa wasu sun yi jifa sun kuma lalata kaya. Amma ya ce ofishin sherif ya take haƙƙinsu ta hanya biyu: ya yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima a lokacin da barazana ta riga ta wuce, har a kan waɗanda ba su sa hannu a ɓarnar ba, sannan ya yi watsi da lafiyarsu da gangan. Ya nuna cewa a sa'ar nan ta shiru ba a yi wani ƙoƙarin kirki na sasantawa ba, kuma shigar da karnuka ya saɓa wa ƙa'idojin ICE kanta. Shawarar da ya bayar ita ce gwamnatin tarayya ta yanke hulɗa da ofishin.

Ƙarfin rahoton yana cikin wannan sa'a guda. Da a ce rundunar ta shiga ne ana tsakiyar jifa, da wuya wani ya kama sherif da laifi, gidan yari ne, dole a kwantar da tarzoma. Amma wanda ya samu minti 60 ya zauna ya tsara, ya zaɓi gurneti da karnuka a kan mutanen da ba su da inda za su gudu, ramuwa ya je yi. Kuma ramuwa ita ce ainihin abin da doka ta ce ba a yi wa wanda ke tsaren shige da fice. Abin da masu zanga-zanga suka yi shekaru suna faɗa da baki, yanzu ya samu rana da lokaci da bidiyo.

Hodgson ya yi fatali da rahoton, ya ce siyasa ce, Healey 'yar Democrat ce mai neman mulki, wurin takardar ma bututun masai ne. Da Mayorkas ya soke kwantiragin bayan wata biyar, a rana guda da ya ba da umarnin barin cibiyar Irwin ta jihar Jojiya inda mata suka yi zargin an yi musu aikin mahaifa ba da cikakken yardarsu ba, sai Hodgson ya ce bi-ta-da-ƙullin siyasa ne gwamnatin Biden ta yi masa saboda kusancinsa da Trump. Akwai ƙamshin gaskiya a nan da bai kamata a ɓoye ba: da Trump ne ya ci zaɓen 2020, da rahoton Healey na nan a kan kanta yana shan ƙura. Amma wannan ya nuna wanda ya yarda ya karanta rahoton ne kawai, bai taɓa ko layi ɗaya na abin da ke ciki ba. Shi kuma ofishin sherif ya yi ta jan ƙafa a kotu don kada bidiyon ya fita, sai a 2023, bayan ya bar kujera, jama'a suka gani.

A zaɓen Nuwamban 2022 Paul Heroux, magajin garin Attleboro, wanda ya taɓa aiki a hukumar gidajen yarin Philadelphia da ta Massachusetts, ya kayar da shi da tazarar da ba ta kai kashi 2 cikin 100 ba, bayan shekara 25 a kan kujera. Ba daidai ba ne a ce batun baƙi ne ya kayar da shi. Heroux ya fi magana a kan yawan kashe kai, da yadda fursunoni ke fita su dawo, da tsohon kurkukun Ash Street da aka gina tun 1888, da kuma cewa sherif ya bar aikin gida yana yawon siyasar Washinton. Wato sai da aka nuna wa mai zaɓe cewa ɗansa ko ƙaninsa da aka kulle kan ƙwaya yana cikin hannun da ya yi abin 1 ga Mayu, sannan ƙuri'a ta motsa. Kusan rabin gundumar kuma sun sake zaɓen Hodgson duk da sun san komai.

Saura maganar kusanci da iyali. Rufe sashen Bristol bai rage wa ICE ikon kama kowa ba, gado kawai ya rage mata a wuri guda. Ko a 2019, da sherif na gundumar Suffolk, Steven Tompkins, ya daina ajiye baƙi a Boston, lauyoyin baƙi sun rabu: wasu sun yi murna, wasu sun ce an raba mutane da lauyoyinsu da 'ya'yansu, an rarraba su zuwa gidajen yari masu nisa. Wanda aka kai Luwiziyana ko Teksas yana fuskantar alƙalan da suka fi tsauri, a ƙauyen da ba lauyan shige da fice ko ɗaya, kuma matarsa mai aikin kifi a New Bedford ba ta da kuɗin jirgi. Masu fafutukar rufe wuraren suna amsawa da cewa ICE na kama mutane ne gwargwadon gadajen da take da su a kusa, in gado ya ragu kamu ma zai ragu, kuma shari'ar Savino ta nuna ana iya sakin mutane da dama su zauna a gida su jira ranar kotu. Na fi karkata ga wannan, amma wanda aka ɗauke cikin dare aka sa a jirgi shi ya biya kuɗin wannan hujja, ba mai faɗinta ba.

Daga baya aka mayar da ginin Carreiro wurin horar da sababbin gandurobobi. Gidan yarin gundumar Plymouth, mai maƙwabtaka da Bristol, shi kaɗai ya rage a jihar yana ajiye wa ICE mutane, kuma sherif ɗinsa ya sabunta kwantiragin a 2024 ba tare da hayaniyar da Hodgson ya saba tayarwa ba. Da Trump ya dawo a Janairun 2025, yarjejeniyoyin 287(g) a faɗin ƙasar sun tashi daga 135 zuwa sama da 1,000 kafin shekarar ta ƙare, majalisa ta ware dala biliyan 45 don ƙara wuraren tsarewa, yawan waɗanda ke tsare kuma ya haura 60,000.